Darasi na Tara: Wakili a Majalisa da Ƙuri'ar Jama'a Kai Tsaye

Duk mai katin zaɓe a cikin ganuwar Zazzau, ko a Kwarbai yake, ko Ƙaura, ko Unguwar Juma, ko Limancin Kona, yana da mutum huɗu da doka ta ce bakinsu bakinsa ne. Na farko kansilan gundumarsa a majalisar Ƙaramar Hukumar Zariya mai gundumomi 13. Na biyu ɗan majalisar jiha mai wakiltar Zariya Birni, ɗaya daga cikin mutum 34 da ke zama a ginin Lugard Hall a Kaduna. Na uku ɗan Majalisar Wakilai ta tarayya, ɗaya cikin 360. Tajuddeen Abbas ya hau wannan kujera ta Zariya a 2011, kuma shi aka zaɓa kakakin majalisar a watan Yunin 2023. Na huɗu sanatan Kaduna ta Arewa, ɗaya cikin 109.

Harajin da kuke biya, kuɗin da aka ware wa asibiti da makaranta, dokar fili da ta kasuwa, duk ta hannun waɗannan mutane da takwarorinsu suke bi. Ba a zuwa ƙofar gidan kowa a ce, “Malam, ka yarda?” ko “Hajiya, kin amince?” An tambaye ku sau ɗaya, ranar zaɓe, kuma tambayar ita ce wa kuke so, ba me kuke so ba. Sai kuma zaɓe mai zuwa.

A wasu ƙasashe akwai hanya ta biyu. Jama'a da kansu su rubuta ƙudurin doka, su tara sa hannu, a buga shi a takardar ƙuri'a, kowa ya dangwala wa “i” ko “a'a”. A wannan darasi za mu kira ta ƙudurin jama'a. Nijeriya ba ta da ita. Amma ya kamata ku san ta, domin idan kun jera ta da majalisa za ku ga sarai inda wakilci ke yi muku aiki da inda yake zubar da ku.

Yadda ƙudurin jama'a ke tafiya

Ƙasar Suwizalan ce ta fi shahara da shi, tun 1891. A yau idan 'yan ƙasa dubu 100 suka sa hannu cikin wata 18 suna neman a yi wa tsarin mulki gyara, dole gwamnati ta kai maganar akwati, ko tana so ko ba ta so. Majalisa tana da ikon ta shawarci jama'a su ƙi, tana kuma iya kawo nata ƙudurin a jera da na jama'a, amma ba ta da ikon ta jefa shi a aljihun tebur. Kafin ya zama doka sai ya sami rinjayen masu zaɓe da kuma rinjayen jihohin ƙasar. Akwai kuma wata dama: idan majalisa ta kafa dokar da mutane ba su so, sa hannun mutum dubu 50 cikin kwana 100 ya isa a kai dokar gaban jama'a su tabbatar ko su soke.

A Amurka babu irin wannan a matakin tarayya, amma jihohi 24 daga cikin 50 suna da shi. Dakota ta Kudu ce ta fara a 1898, Kalifoniya ta bi a 1911, a lokacin da mutane suka gaji da yadda kamfanin jirgin ƙasa ya sa 'yan majalisarsu a aljihu. A nan Afirka, tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce masu zaɓe miliyan ɗaya za su iya tayar da gyaran tsarin mulki da sa hannunsu.

Ku riƙe wani bambanci tun yanzu, don za mu koma kansa. Ƙudurin jama'a daga ƙasa yake tasowa. Ƙuri'ar raba-gardama da shugaba ke kira daga sama take saukowa. Akwatin ɗaya ne, tawadar ɗaya ce, amma wanda ya rubuta tambayar daban.

Ƙidaya iri biyu

Majalisa tana ƙirga mutane mazaɓa-mazaɓa. Ƙudurin jama'a yana ƙirga kawuna a dunƙule. Ku ɗauki biro mu yi lissafi da wani gari na misali mai mazaɓu biyar, kowace da masu zaɓe 100. Jam'iyyar farko ta ci mazaɓu uku da ƙuri'a 55 kowace, a sauran biyun kuwa ta sami 20 kacal a kowace. Jimlar ƙuri'unta 205 ke nan cikin 500. Ɗaya jam'iyyar tana da 295. Amma a majalisa ta farkon ce ke da kujera uku, ita za ta fitar da kakaki, ita za ta zartar da kasafi. Ba a yi maguɗi ba, ba a saci akwati ba. Haka tsarin yake. Da za a kai wata magana akwati a garin nan, mutum 295 ɗin ne za su yi rinjaye.

Tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin tana haɗe da Katsina, ta ɗanɗana wannan. A watan Yulin 1979 aka zaɓi 'yan majalisar jiha, jam'iyyar NPN ta kwashe mafi yawan kujeru. Bayan mako guda aka zaɓi gwamna, inda ake ƙirga jihar gaba ɗaya, sai Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci. Mutanen jiha ɗaya, ƙidaya biyu, amsa biyu. Majalisa ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, sannan a ranar 23 ga Yuni, 1981, ta tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin ƙasar nan. Waɗanda suka tsige shi zaɓaɓɓu ne, shi ma zaɓaɓɓe ne, kowa na cewa da yawun jama'a yake magana. Babu wanda ya koma ya tambayi jama'ar, don doka ba ta tanadi hanyar tambayarsu ba.

Bambanci na biyu ya fi wannan taɓa rayuwar kullum. Zaɓen wakili kamar sayen kwandon tumatir ne a kasuwa: ba a ba ka damar tsince masu kyau, kwando guda za ka ɗauka da na sama da na ƙasa. Kana son ɗan takara don mutuncinsa, ko don jam'iyyarsa, ko don ya taimaki unguwarku da rijiyar burtsatse. Da ƙuri'ar nan guda ka amince masa ya yanke hukunci a kan haraji, bashi, albashi, filaye, da abubuwa ɗari da ba a ma taɓo su a yaƙin neman zaɓe ba. Ƙudurin jama'a yana ware magana ɗaya. A 2020 masu zaɓe a jihar Filorida ta Amurka sun amince, da kimanin kashi 61 cikin 100, a ɗaga mafi ƙarancin lada zuwa dala 15 a awa sannu a hankali. A rana ɗaya, a rumfa ɗaya, suka sake ba da rinjayen majalisar jihar ga jam'iyyar da manyanta ke adawa da ƙarin. Ba ruɗewa suka yi ba. Suna son jam'iyyar a wasu abubuwa, ba su tare da ita a maganar lada, kuma sun sami hanyar faɗar duka biyun. A watan Maris na 2024 mutanen Suwizalan sun ƙara wa tsofaffi fansho na wata na 13 a shekara, alhali gwamnati da majalisa duk sun ce kada a yi.

Sannan akwai maganar su wa ke zaune a zauren. Kafin sunan mutum ya hau takardar ƙuri'a sai ya sayi fom, ya shawo kan daliget a zaɓen fid da gwani, sau da yawa ya sami ubangida. Kafin ranar da za ku bi layi, an riga an tace muku waɗanda za ku zaɓa a ciki. Abin ba sabo ba ne. A zaɓen 1951 a Arewa, talaka yana zaɓen wanda zai zaɓi wanda zai zaɓi wakili, hawa-hawa daga unguwa zuwa lardi, har 'yan NEPU da suka yi nasara a matakin farko a Kano suka zube kafin matakin ƙarshe. Mace kuwa ko matakin farkon ba ta da shi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda babban asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, ta sha ɗauri da duka a kan neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, ba su samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Har yau wurin bai buɗe sosai ba: mata huɗu ne kawai suka sami kujera cikin 109 a Majalisar Dattawa ta goma, kuma a ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi ware wa mata kujeru. Mata kusan rabin masu rajista ne. A akwati, ƙuri'ar mai sayar da ƙosai a Rimin Tsiwa daidai take da ta farfesa a Samaru. A zaure kuwa da wuya ka ga mai kama da ita.

Abin da akwati ba ya iyawa

Idan aka tsaya a nan, sai a ce a rufe majalisa kawai a riƙa tambayar jama'a. Kada ku yi saurin faɗar haka.

Akwati amsa biyu ya sani, “i” da “a'a”. Ba ya cewa, “Na yarda da sashe na ɗaya, amma a gyara na uku.” Ƙudurin doka a majalisa kuwa yana bin karatu na farko, da na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, ya tafi kwamiti, a kira zaman jin ra'ayin jama'a, a bi shi layi-layi, a yi karatu na uku, sannan ya je wa gwamna ko shugaban ƙasa ya sa hannu. Tafiyar tana da tsawo, wani lokaci da gangan ake jan ƙafa. Amma a cikin wannan tsawon ne likita zai ce wannan sashe zai kashe asibiti, ɗan kasuwa ya ce wancan zai kori masu saye, a sauya. A nan ne kuma marasa rinjaye ke da abin ciniki: ka goya min baya a hanyar ƙauyenmu, in goya maka a makarantar garinku. Ana yawan zagin wannan ciniki, kuma akwai irinsa da ya cancanci zagi. Amma shi ne hanyar da ƙaramar al'umma ke samun rabo a wurin da ƙidayar kawuna za ta bar ta hannu rabbana.

Mu a Jihar Kaduna mun san nauyin wannan magana fiye da kowa. A watan Fabrairun 2000, lokacin da majalisar jiha ke duba batun aiwatar da shari'ar Musulunci, rikici ya ɓarke a garin Kaduna, aka rasa rayuka masu yawa na Musulmi da Kirista, Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Abin da aka daidaita a kai a 2001, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, shi ne kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan al'ada ga waɗanda ba Musulmi ba, ga kuma kotunan majistare da babbar kotu suna nan. Ba wanda ya sami duk abin da ya nema. Wannan mafita ba “i” ba ce, ba kuma “a'a” ba ce, abu na uku ne da sai an zauna an saurari juna ake haifar da shi. Ku yi tunanin a ce a watan nan na Fabrairu an raba takardar ƙuri'a, an ce kowa ya dangwala. Ɓangare ɗaya zai ci, ɗayan ya faɗi warwas, kuma washegari su haɗu a kasuwa ɗaya.

Suwizalan ɗin da muka yaba tana da nata tabon. A ranar 29 ga Nuwamba, 2009, kashi 57.5 cikin 100 na masu zaɓe suka amince a hana gina hasumiyar masallaci a ƙasar, alhali hasumiya huɗu ce kacal a ƙasar baki ɗaya. Gwamnati ta ce a ƙi, majalisa ta ce a ƙi, shugabannin coci-coci sun ce a ƙi, rinjaye ya ce a yi, kuma aka rubuta shi a tsarin mulki. Musulmin ƙasar 'yan tsiraru ne, ba su da yawan da zai kare su a akwati. Kafin nan, majalisar ƙasar ta yarda mata su yi zaɓe, a 1959 aka kai maganar gaban masu zaɓe, waɗanda duk maza ne, kusan kashi biyu cikin uku suka ce a'a. Sai 1971 matan suka samu. Wato a Arewa majalisa ce ta hana mata, a Suwizalan akwati ne ya hana su. Duk hanyar da aka bi, waɗanda ke ciki ne ke yanke wa na waje hukunci.

Kuɗi ma ba ya tsoron akwati. A Kalifoniya akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce tara sa hannu, ana biyansu. A 2020 kamfanonin Uber da Lyft da abokansu suka kashe fiye da dala miliyan 200 a kan ƙuduri guda da ya hana a ɗauki direbobinsu a matsayin cikakkun ma'aikata, bayan majalisar jihar ta kafa dokar da ta ba direbobin wannan matsayi. Kamfanonin suka ci. A wannan karon majalisa ce ta tsaya wa ɗan ƙwadago, akwati ya bi mai talla. Wanda ya san yadda ake rabon atamfa da taliya da 'yan kuɗi a jajibirin zaɓe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abu na ƙarshe, akwati ba ya yin kasafi. A 1978 mutanen Kalifoniya suka rage harajin gidaje da ƙuduri guda, suka ƙayyade shi a kashi ɗaya cikin 100 na darajar gida. Kowa na son ragin haraji, kowa na son makaranta mai kyau, kuma idan aka tambaye shi daban-daban zai ce “i” ga duka biyun. Ɗan majalisa ne ake tilasta wa ya zauna da takarda ɗaya ya daidaita shiga da fita, kuma shi ne ke da suna da fuska da gida, wanda za a iya tare shi a ɗaurin aure a tambaye shi dalili. Idan rinjaye ya yi kuskure, babu ƙofar da za a buga.

Wa ya rubuta tambayar?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a darasin nan, kuma tarihinmu ya amsa ta.

A watan Nuwamban 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'a a Arewacin Kamaru na Ingila, wato yankunan Mubi, Gwoza, Bama, Ganye da Mambila. Aka tambaye su: ku shiga Arewacin Nijeriya, ko a jinkirta maganar? Kowa ya ɗauka za su ce Nijeriya. Kimanin kashi 62 cikin 100 suka ce a jinkirta. Abin da ke cinsu shi ne mulkin En'e da ke kansu, ba a tambaye su wannan ba, sai suka yi amfani da tambayar da aka ba su suka aika saƙo. Saƙon ya isa Kaduna, aka yi gyare-gyare a mulkin yankin. A Fabrairun 1961 aka sake tambaya: Nijeriya ko Kamaru? Kusan kashi 60 suka zaɓi Nijeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna. Zaɓin zama ƙasa mai cin gashin kanta bai hau takardar ba sam, don waɗanda suka rubuta tambayar ba su sa shi ba. A wannan ƙuri'a ta 1961 mata sun yi zaɓe, saboda Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage. Matan Mubi sun riga matan Zariya dangwale da shekara 15.

Yanzu ku jera tazarce biyu. A Nijeriya, a 2006, aka kawo gyaran tsarin mulki mai sassa fiye da ɗari, cikinsu har da wanda zai ba Shugaba Obasanjo damar wa'adi na uku. Aka yi muhawara a gaban kyamara, kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa yana sane da cewa mutanen mazaɓarsa na kallo. Ranar 16 ga Mayu Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta kashe ƙudurin. Sauran gyare-gyaren, har da masu amfani, suka mutu tare da shi. A Nijar kuwa, a 2009, Shugaba Mamadu Tanja ya so ƙarin shekara uku. Kotun tsarin mulki ta ce bai halatta ba. Ya rushe majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun a watan Yuni, ya kira ƙuri'ar raba-gardama ranar 4 ga Agusta. 'Yan adawa suka ƙaurace, hukuma ta ce fiye da kashi 92 sun amince. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, soja suka kifar da shi. An tambayi jama'a, haka ne, amma mai tambayar shi ne mai cin moriyar amsar, shi ya zaɓi rana, shi ya kawar da duk wanda zai ce masa tsaya.

Kenya ta toshe wannan ƙofa. Da Shugaba Uhuru Kenyatta ya nemi bin hanyar sa hannun jama'a don wuce da gyaran da gwamnatinsa ta tsara, Kotun Ƙoli ta yanke a watan Maris na 2022 cewa hanyar ta talakawa ce, shugaban ƙasa ba shi da hurumin shiga ta cikinta.

Abin da ke hannunmu yau

Tsarin mulkin 1999 ya ce iko na jama'a ne, amma wurare ƙalilan ne ya yarda a tambaye su kai tsaye. Sashe na 8 ya tanadi ƙuri'ar raba-gardama wajen ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma. Kafin a kai ga akwatin sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisun yankin sun nema, bayan akwatin ma sai majalisu sun amince. Sau ɗaya tak farar hula suka taɓa ƙirƙirar yanki ta ƙuri'a, wato Jihar Tsakiyar Yamma a 1963. Duk sauran, har da raba Katsina da Kaduna a 1987, soja ne suka yi da sanarwa.

Sai kiranye, a sashe na 69 ga 'yan Majalisar Tarayya da na 110 ga 'yan majalisar jiha. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu cewa sun yanke ƙauna daga wakilinsu, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'a cikin kwana 90. Ku auna wannan da zaɓen shugaban ƙasa na 2023, inda kimanin kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne suka fito. Mutum zai iya hawa kujera da ƙuri'ar ɗan ƙaramin yanki na masu rajista, amma sauke shi sai fiye da rabinsu. An gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma. A tantancewar watan Afrilun 2018 sa hannun kimanin kashi 5 cikin 100 na masu rajista kawai aka tabbatar. An sake gwadawa a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, hukumar zaɓe ta ce sa hannun bai kai rabi ba. Tun 1999 ba a dawo da sanata ko ɗan Majalisar Wakilai ko ɗaya gida ta wannan hanya ba.

Abin da ya rage shi ne matsa wa majalisa daga waje, kuma yana aiki idan an jure. Matasa sun yi haka: suka bi 'yan majalisar tarayya ɗaya bayan ɗaya, suka bi majalisun jihohi, domin gyaran tsarin mulki sai da amincewar jihohi 24 cikin 36, har Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Kowane ɗan ƙasa yana da damar rubuta takardar koke ya ba wakilinsa ya gabatar a zaure, yana da damar halartar zaman jin ra'ayin jama'a ya yi magana. Ƙungiyar maɗinka ko ta masu ɗinkin hula da aikin babbar riga, waɗanda birnin nan ya yi suna da su, idan ta zo da takarda mai sa hannun mutum ɗari biyar, ba a yi mata kallon da ake yi wa mutum guda mai neman taimakon kuɗin magani.

Ni dai ina ganin muna bukatar ƙudurin jama'a, amma mai iyaka. A fara da ƙaramar hukuma, a kan abin da kowa ke gani da idonsa: kwalbati ko shagunan haya, gyaran firamare ko sabon ofis. Jihar Kaduna ta riga ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a watan Mayun 2018, don haka kayan aiki ba su ne matsala ba. Kada gwamnati ta zama mai rubuta tambaya. A rubuta ta da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a rediyo, a bayyana wanda ya ba da kuɗin talla. Addinin mutum da 'yancinsa na ɗan ƙasa kuwa kada su taɓa hawa takardar ƙuri'a, ko da kashi 90 ne ke so. Wahalar ita ce, kafa wannan hanya sai an gyara tsarin mulki, masu gyaran kuma su ne 'yan majalisar da hanyar za ta rage wa iko.

Aikin aji da na gida

Ku rabu gida biyu. Ku ɗauki maganar hana ababen hawa masu nauyi shiga cikin birni da rana. Rukuni na farko su rubuta ta a matsayin tambayar “i” ko “a'a” mai layi ɗaya, kowa ya jefa ƙuri'a a asirce. Rukuni na biyu su zauna kamar majalisa, da wakilin direbobi, da na 'yan kasuwa, da na iyayen yara, su fitar da doka mai sashe uku. Ku gwada sakamakon biyu: wa ya samu, wa ya rasa a kowanne? Daga nan ku sake rubuta tambayar rukunin farko da wasu kalmomi, ku sake jefa ƙuri'a, ku ga ko amsar ta sauya.

A gida, kowa ya rubuto sunayen wakilansa huɗu da inda ofishin kowannensu yake. Waɗanda hannunsu bai faɗa da rubutu ba tukuna su nemi abokin zama su yi tare. A zama na gaba za mu rubuta takardar koke ta gaske a kan matsala guda da ajin nan ya zaɓa, don haka ku zo da lambar rumfar zaɓenku kamar yadda take a jikin kati.